Filin da Baba Nlend Ya Zaɓa

A kulob ɗinmu na masu tuƙa ƙananan jirage a Duwala, ba abin da ke haɗa mu gardama kamar tambayar ina za a je ranar Asabar. Jirage biyu gare mu, kowanne kujera huɗu, kuma dukansu sun girme ni. Dokar ita ce a tashi da safe a dawo kafin faɗuwar rana, don haka duk inda mutum zai zaɓa sai ya duba mai, ya duba hadari, ya duba nauyin waɗanda zai ɗauka. Mukan baza taswira a kan tebur, mu yi awa biyu muna musu har jijiyar wuya ta tashi, daga ƙarshe mu tafi Kribi mu ci gasasshen kifi da bobolo, wato curin rogo da ake dafawa a ganye, a bakin teku. Ni Hermine Ekwalla, likitar haƙori ce a sauran ranakun mako, shekarata goma sha tara a kulob ɗin nan, kuma zan iya rantsewa masu gashin kifin Kribi sun san ƙarar injin kowane jirginmu.

Mutum ɗaya ne bai taɓa tsoma baki a gardamar ba, wato Baba Nlend, makanikenmu. Ƙaton mutum ne, kilo ɗari da goma cif, mun sani domin kowa sai ya hau sikeli kafin ya hau jirgi. Yana da manyan hannuwa, amma in ya kama noti sai ka ce jariri ya ɗauka. Ba ya yawan magana, sai dai in ya yi ta, sai ta kwana uku tana maka zafi. Ranar da na fara sauke jirgi ni kaɗai, na fito ina jiran yabo, sai ya zagaya tayoyin, ya dube ni ya ce, "Likita, saukar nan da kika yi, jirgi kike saukewa ko haƙori kike cirewa?"

Ƙa'idoji biyu yake aiki da su, kuma ba a rubuce suke ko'ina ba. Ta farko, hannun da ya buɗe inji shi zai rufe shi, ko da sama za ta faɗo. Ta biyu, duk jirgin da ya gyara, shi zai fara zama a cikinsa a tashin gwaji. Saboda haka Baba Nlend ya hau sama sau ɗaruruwa. Amma kowane hawa minti goma sha biyar ne, a zagaya filin Duwala a dawo, idonsa a kan allurorin inji, kunnensa a kan ƙarar farfela. Shekara talatin da shida yana wannan aiki, bai taɓa sauka a wani fili ba sai wanda ya tashi daga gare shi. Mu da muke ta yawo da jiragen da yake raya mana, ba wanda ya taɓa lura da haka sai da lokacin ritayarsa ya zo, kuma har yau ina jin kunyar abin.

Muna da al'ada. Duk ma'aikacin kulob da zai ajiye aiki, ana ba shi yini ɗaya: jirgi, mai, matuƙin da yake so, da duk inda ya ga dama, muddin za a je a dawo da rana. Shi da kansa zai rubuta sunan wurin da alli a jikin allon da ke bakin rumfar jirage. Tsohon maigadinmu, Kribi ya rubuta. Sakatariyarmu ma Kribi. Da aka zo kan Baba Nlend, sai kowa ya zama mai ba da shawara. Wannan ya ce Dschang, a sha iska mai sanyi. Wancan ya ce a zagaya dutsen Kamaru in gajimare ya yarda. Shi dai ya ce ni zan tuƙa shi, bai ƙara komai ba. Mako biyu allon nan yana nan fayau.

Wata Laraba da yamma na leƙa kulob, na tarar da mutane sun yi cirko-cirko gaban allo. An rubuta da manyan baƙaƙe: NDOG-LIKEN. Ba wanda ya taɓa jin sunan. Sai da Kyaftin Moukoko, babban malamin tuƙinmu, ya zaro wata tsohuwar taswira da ta fara cinyewa a ninki, sannan ya gano shi can gabas da Edea, kusa da kogin Sanaga. Filin saukar jiragen wani kamfanin manja ne da ya tattara ya tafi tun ban shiga makarantar likita ba.

Kyaftin ya cire tabarau ya ce, "Nlend, kai fa ka fi kowa sanin abin da kake nema. Filin da ya shekara talatin ba a taka shi ba, ai daji ne."

"Mita ɗari takwas ne, Kyaftin. Ƙasa mai tauri."

"A da ke nan. Wa zai share shi? Wa zai taka shi? Wa zai kunna wuta?"

"Akwai mutum," in ji Baba Nlend.

Sai Kyaftin ya gindaya sharaɗi. Mu biyu kaɗai za mu je. In ba hayaƙi, ba sauka, ko tayar jirgi ba za ta taɓa ciyawa ba, mu juya mu same su a Kribi, inda sauran za su je da ɗaya jirgin su shirya liyafa. Wannan ba sabon abu ba ne. A filayen daji babu tutar nuna iska, babu rediyo, sai mutumin ƙasa ya bi filin da ƙafa tun daga farko har ƙarshe, ya tabbatar ba rami, ba suri, ba awaki, sannan ya hura wuta a gefe ya zuba mata ɗanyen ganye. Hayaƙin yana nuna wa matuƙi inda iska ta dosa, yana kuma gaya masa an duba, a sauko.

Da mutane suka watse na bi shi cikin rumfa. Yana goge sifanoninsa ɗaya bayan ɗaya yana jera su, ko da yake babu wanda ya yi datti.

Na ce, "Baba, tunda ni zan kai ka, ai ya kamata in san wane ne mutumin nan."

"Yayana ne. Tonye."

"Kana da wa? Shekara goma sha tara ban taɓa jin ka ambace shi ba."

"Shekara ashirin da biyu ba mu yi magana ba."

Ya ba ni labarin yana kallon sifanar da ke hannunsa. A Ndog-Liken aka haife su. Aikin mahaifinsu shi ne sare ciyawar filin nan da adda, su kuma suna taya shi, a nan ya fara ganin jirgi har abin ya shiga ransa. Shi ya taho birni, Tonye ya zauna da gona da tsohon. Wata rana saƙo ya iso cewa jikin tsohon ya yi tsanani, yana kiran sunansa. A lokacin ya buɗe injin ɗaya daga jiragenmu, kayan cikinsa duk suna baje a kan tebur. Akwai wani makanike da zai iya ƙarasawa, an ma ce masa ya tafi. Ya ƙi. Ya ce kwana uku ne kawai. Ya rufe injin, ya hau gwaji, ya kama mota. Da ya isa an riga an binne tsohon da kwana ɗaya. Tonye ya tare shi a ƙofar gida a gaban jama'a ya ce ya koma wurin ƙarafunansa, su ne iyayensa. Ko kabarin bai gani ba.

Na ce, "To ai ka yi kuskure, Baba." Ni bakina ba ya iya riƙe magana, shi ya sa na zaɓi aikin da mutane ba sa iya mayar mini da amsa.

Ya ce, "Na sani. Abin da ya fi damuna, Likita, shi ne in aka mayar da ni ranar nan, ban tabbata zan bar injin a buɗe ba. Jirgin nan ke ma kin hau shi, kin ɗauki 'ya'yanki a ciki."

Can na ce, "Amma tun tuni ai mota na zuwa. Me ya sa sai da jirgi?"

Sai ya ajiye sifanar. "In na je da mota, sai dai ya gan ni tsaye a ƙofarsa. Dole ko ya karɓe ni don kunyar mutane, ko ya sake kora ta don kada a ce ya janye maganarsa. Duk biyun tilas ne. Amma in ta sama na zo, ba sai ya buɗe baki ba. In yana so, ya kunna wuta. In ba ya so, ya zauna a ɗakinsa, mu wuce, ba wanda ya ji kunya."

A gabana ya buga wayar, a ranar. Ya samo lambar wurin wata 'yar'uwarsu. Na ji an ɗauka, na ji ya faɗi sunansa, ya faɗi ranar, Asabar ta sama, ƙarfe goma na safe. Sai wata murya ta ce wani abu gajere da yarensu, aka kashe.

"Me ya ce?"

"Ya ce ciyawa ta kai ƙirji."

"Wato e ko a'a?"

"Wato ciyawa ta kai ƙirji," in ji Baba Nlend.

Kwana goman nan ban taɓa ganinsa haka ba. Ya duba jirgin da za mu hau sau uku, alhali ba abin da ke damunsa. Bai sake kiran wayar ba, shi ma ba a kira shi ba. Ni kuwa na zana hanya biyu a taswirata, ɗaya zuwa Ndog-Liken, ɗaya daga can zuwa Kribi, kuma gaskiya ta biyun na fi ba wa ƙarfi.

Ranar Asabar gari ya waye garau, watan Janairu ne, ba alamar hadari. Baba Nlend ya zo da farar riga mai dogon hannu, karon farko da na gan shi ba cikin kayan aiki ba. Matarsa Mama Odile ta biyo shi, ta sha kabarta, doguwar rigar nan mai furanni, ita za ta bi jirgin Kyaftin. Ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, ni kifi zan je ci. Tsofaffin nan biyu kansu ɗaya ne, dutse. In wancan bai kunna wutar ba, kada ki tsaya kina ta zagaye, ki kawo mini mijina kafin kifin ya huce." Ta faɗa da dariya, amma ta matse mini hannu har sai da na ji zafi.

Muka tashi tara da kwata. Mun bar hayaniyar Duwala a baya, daji ya shimfiɗu kore shar a ƙarƙashinmu, Baba Nlend kuwa idonsa na kan allurar da ke nuna mai.

Na ce, "Baba, yau ba aiki kake ba. Injin nan kai ka rufe shi, ka bar shi ya yi abinsa. Dubi waje."

Ya juya a hankali kamar mai tsoron a kama shi. Daidai lokacin Sanaga ta bayyana, faffaɗa, ruwanta ja-ja, da tsibiran yashi a tsakiya. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ashe haka take." Bai sake duban allura ba.

Bayan mun wuce Edea shi ya zama taswirar. Ya ce in bi kogin har inda ya yi gwiwa, in karkata hagu, zan ga rufin coci mai tsatsa, bayansa layukan tsofaffin itatuwan kwakwa. Duk muka gan su yadda ya faɗa. Amma ban ga fili ba, ban ga hayaƙi ba. Na duba agogo, goma saura minti uku. Na saci kallonsa, ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu, fuskarsa ba ta nuna komai. Na fara shirya abin da zan ce masa a hanyar Kribi.

Sai ya ɗaga yatsa. Can bayan itatuwan wani siririn hayaƙi fari yana tasowa, yana karkata yamma.

Na rage tsawo na zagayo. Ga filin nan, amma rabinsa. Daga wajen cocin an sare ciyawa ƙwal, an kwashe ta an tara a gefe. Daga tsakiya zuwa ƙarshe kuwa daji ne tsaye, bayansa dogayen itatuwa. Kusa da wutar mutum ɗaya ne tak, ya ɗaga kai yana kallonmu, bai ɗaga hannu ba.

Na bi ta kan filin ƙasa-ƙasa ina ƙirga daƙiƙa, kamar yadda aka koya mana auna tsawon filin da ba mu sani ba. Goma sha biyu. Na sake zagayowa na ƙirga, goma sha biyu dai. Mita ɗari huɗu da 'yan kai ke nan.

Na ce, "Baba, sauka za ta yiwu. Tashin ne ba zai yiwu ba. Ga zafi, ga ciyawa, ga itatuwan can. Da ni da kai ba zai ɗaga mu ba."

"Na ƙirga tare da ke."

"To mu tafi Kribi. Ya riga ya kunna wuta, ka sami amsarka. In ya ƙarasa sharewa sai mu dawo wata Asabar, ni zan kawo ka."

Ya girgiza kai. "Mutumin can shekararsa saba'in da uku. Dubi abin da ya sare. In ya ga na zo har kansa na juya, me zan ce masa? In ce lissafi bai yi ba? Wancan karon ma, da na tsaya rufe inji, lissafina daidai ne."

"To tashin fa?"

"Ke kaɗai zai ɗaga ki, ke da ba ki fi buhun siminti ba. Ni na san nauyina. Sauke ni, Likita."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba, tsoron filin da tsoron bakin Kyaftin. Amma sharaɗin hayaƙi ne, ga shi kuwa yana tashi, kuma mutumin da ya fi kowa tsanani a kan jiragen nan shi ne ya ce zai yiwu. Na daidaita da iska, na sauko a hankali, tayoyi suka taɓa ƙasa daidai farkon filin. Ko ɗan tsalle bai yi ba. An cike ramuka, an fasa suri biyu an daddaɓe wurin, na gan su muna wucewa. Muka tsaya da sauran fili a gabanmu.

Na kashe inji. Baba Nlend ya fita da ƙyar, ya gyara rigarsa, ya nufi wutar. Na tsaya a jikin fiffike. Tonye siriri ne, dogo, ya ɗan ranƙwafa, tafukan hannunsa duka biyu a naɗe da tsumma. Suka tsaya da tazarar taku uku a tsakaninsu, suna kallon juna. Da Faransanci suka fara, ina jin don ina wurin.

Tonye ya ce, "Ka yi ƙiba."

"Yaya, ka tsufa."

"Kwana goma ka ba ni. Kwana goma, fili irin wannan."

"Me ya sa ba ka kira samari sun taya ka ba?"

"In ce musu wa zai zo? Rabinsu ba su san ina da ƙane ba."

Baba Nlend ya sunkuyar da kai. Ya miƙa hannu ya kamo na yayansa, ya juya shi, ya ɗaga tsumman ya duba tafin, yadda yake duba abin da aka kawo masa gyara. Tonye bai janye ba. Daga nan suka koma yarensu, ni kuma na juya ina duba tayar da ba abin da ya same ta, don idona ya cika.

Can Tonye ya yi gaba, ƙanensa na biye, suka bi wata 'yar hanya ta bayan coci. Na san kabarin mahaifinsu za su, ban bi su ba, kuma har yau ban tambayi abin da aka faɗa a can ba. Matar Tonye ta zo ta ja ni gida, ta zuba mini mbongo, baƙar miyarsu ta gargajiya, da kifin kogi. Tukunyar da na gani a murhu ta fi ƙarfin mutum biyu nesa ba kusa ba, kuma miyar irin wadda ake kwana ana shiri ce.

Ƙarfe biyu suka dawo, idon kowannensu ja. Baba Nlend ya naɗe hannun farar rigarsa ya koma makanike. Ya taka filin da ƙafa yana ƙirgawa, taku ɗari huɗu da arba'in. Ya kwashe duk abin da ke cikin jirgin mai nauyi ya ajiye a ƙasa, ya duba mai, ya sa muka tura jirgin baya har wutsiyarsa ta shiga ciyawa. Ya sa aka ƙara ganye a wuta ya ga iska. Sannan ya tsaya a taga yana ba ni umarni kamar yau na fara tuƙi: in taka birki, in ba shi wuta duka, in saki, in kuma ban ji ya yi sauƙi ba kafin inda ya kafa sanda, in tsaya.

Na ce, "Na ji, Baba. Me zan ce wa Mama Odile? Tana can ta tsare maka kifi. Gobe za ka biyo mota, ko jibi?"

Ya juya ya dubi yayansa. A nan na gane bai sani ba. An kunna masa wuta ya sauka, an kai shi ya ga kabarin mahaifinsa, amma ba wanda ya ce masa ya kwana. Ƙaton mutumin nan mai shekara sittin da biyar ya tsaya yana jira, hannuwansa a sake.

Tonye bai dube shi ba. Ya matso kusa da tagar, ya nuna mini dajin da ke ƙarshen filin da hannunsa mai tsumma.

Ya ce, "'Yata, ki ce wa matarsa ta aiko masa da kayan sawa, ita ma ta taho in tana so. Ba ki ga saura rabi ba? Ni kaɗai ba zan iya ba."